Ajin Masu Goyo na Ankul Nasiru

Wata ranar Laraba ce a farkon watan Agusta, shekarar da na gama aji biyar na firamare, ana irin yayyafin nan na Jos da ba ya zuba kuma ba ya ɗaukewa, na tsaya gaban teburin Ankul Nasiru ina murza bakin hijabina, na ce masa daga yau ba zan ƙara zuwa lesin ba. Sabon malami ne fil, bai daɗe da fitowa daga kwaleji ba, mu ne yaran farko da aka taɓa damƙa masa. Kullum da nektayi yake zuwa, takalmi sai ƙyalli, a unguwar da taɓo ke kaiwa idon sawu. Ya tambaye ni dalili, na ce Umma ce ba ta da mai riƙe mata Baffa, ƙanina da ko rarrafe bai iya sosai ba. Ya yi murmushi ya ce, "Shi ke nan matsalar? Ki zo da shi mana." Wayyo Ankul! Bai lura ba duk 'yan matan ajin sun yi tsit sun kasa kunne.

Ni kuwa ba don sha'awa nake zuwa lesin nan ba. Lissafi ne ya kayar da ni warwas a ƙarshen zango, hedimasta ya ce in an dawo hutu za a sake gwada ni, in na faɗi in maimaita aji, ƙawayena su wuce su bar ni da ƙannensu. Shi ya sa Baba ya sa ni a lesin hutun da Madam Ngozi ke yi a wata ƙaramar makaranta a Ali Kazaure, tafiyar ƙafa daga gidanmu na Gangare. Madam Ngozi Ibo ce mai jiki da murya, in ta yi tsawa daga ofis har masu faci a bakin titi sai sun waiwayo. Amma Umma, mai sana'ar waina, tana da nata tsarin. "Hutun makaranta ba naki ba ne, nawa ne," haka take ce mini. A duk gidajen layinmu haka abin yake, da an rufe makaranta sai a kwance goyo daga bayan uwa a ɗaura wa babbar 'ya. Da goyo muke tarar ruwan indararo, da goyo muke wanke-wanke, da goyo muke 'yar gala-gala, kan yaro yana ta lilo a baya.

Washegari na iso da Baffa ina jin ni kaɗai aka yi wa alfarma. Ina! Jummai 'yar ajinmu ta riga ni, ɗaya a baya ɗaya a hannu. Kafin mako ya zagayo labari ya gama layuka cewa an samu malami mai karɓar raino, sai ga 'yan matan da ba mu taɓa gani a lesin ba, har Emeka ɗan mai kantin kayan gini ya zo rungume da ƙanwarsa. An yi sa'a, ko kuma rashinta, Madam ta tafi biki garinsu. In ɗaya ya tsanyara kuka sai sauran su amsa masa. Wani ya cinye alli ya fito da baki fari fat, wata ta yi wa takalmin Ankul wanka da fitsari. Bawan Allah ya zo da dabarun kwaleji na koyarwa da waƙa da tafi, yana tafawa sai ya ta da waɗanda muka sha wahala muka lallaɓa suka yi barci. Ran nan haƙurinsa ya ƙare, ya buga tebur ya ce duk wanda ya ƙara kuka zai durƙusa ya ɗaga hannu. Wanda yake wa gargaɗin ko zama bai iya ba. Wallahi har hawaye muka yi don dariya, shi ma daga baya ya juya wa allo fuska, kafaɗunsa suna rawa.

Amma fa ya koya, kuma da sauri. Ya gane ba a fara lissafin rabawa sai an ba yara kunu. Ya gane in ruwa ya sauko kan kwano suna yin barci, to a lokacin yake rubuta mai wuyar, yana nuni da hannu don ba ma jin muryarsa. Masu goyon rigima kuma ya mayar da mu bayan aji, muna tsaye muna jijjiga muna rera sau bakwai da sau takwas daidai da jijjigar. A nan lissafin da ya gagare ni shekara guda ya fara zama a kaina.

Sai Madam ta dawo. Tun daga bakin ƙofa ta ji kukan, ta kira Ankul ofis, mu kuma muka laɓe jikin taga. Ta ce ita makaranta ta buɗe, ba asibitin haihuwa ba. Daga Litinin ko a bar jarirai a gida ko masu su su zauna tare da su. Ya ce mata in aka yi haka rabin 'yan matan sun tafi ke nan. Ta ce in raino yake so, ya nemi aikin a wani wuri. Da kuka na isa gida, Umma ta ce in yi haƙuri, tanda ba ta jiran kowa. Ga shi ban iya doguwar rabawa ba tukuna, kuma ita ce ta kayar da ni.

Ran Litinin na saɓi Baffa na tafi duk da dokar Madam. Haƙori yake fitarwa, ya ƙi kunu, ya ƙi jijjiga, sai ihu. Ankul ya ba ni lissafi a allo, na kasa ko riƙe allin kirki. Ya dube ni, ya dubi ƙofa, sai ya ce in kawo yaron da zanen. Ya sunkuya, ni da Jummai muka ɗora masa Baffa kan farar rigarsa muka ɗaure yadda muka iya. Ikon Allah, yaro ya yi shiru, ya kama kwalar riga yana tsotsa. Ankul yana jijjiga yana nuna mini inda zan sauko da lamba, ina cikin saukowa da ita sai aji ya yi tsit. Madam ce tsaye a ƙofa. Ta daɗe tana kallonsa, namiji da nektayi da zanen atamfa a ƙirji. Ta tako har gabansa, na ce a raina yau aikinsa ya ƙare, lesina ma ya ƙare. Sai ta ce, "Malam, waye ya koya maka wannan goyo? Yaro zai faɗi!" Ta kwance zanen, ta gyara ƙafafun Baffa, ta tamke shi har sai da Ankul ya yi nishi. Tana fita ta waiwayo ta ce gobe kowa ya zo da fo na yaronsa, ita ba za ta wanke aji ba. Da aka dawo hutu na haye jarrabawar, da ƙyar dai, amma na haye.

Ban san inda Ankul Nasiru yake ba yanzu. Baffa ya zama ƙato, yana gyaran mota a Laranto, in na ba da labarin sai ya rantse sharri nake masa. Lesin da nake kai 'yata yana da kwamfuta da fenti mai kyau da maigadi, babu kuka babu warin fitsari, kuma ba na cewa bai fi namu tsari ba. Sai dai a daminar bara na ga wata yarinya da goyo tana leƙe ta ramin get, maigadi ya ce ta matsa, ta matsa. Na daɗe a tsaye ina kallon bayanta har ta sha kwana. Ni dai na dace da malamin da bai riga ya koyi cewa a'a ba.