Shayin Datti Mai Faci

A barandar kotu kowa ya murtuke fuska cikin sanyin safiya, ban da wani dogon mutum mai wushirya da ke ta washe baki kamar ango. Kaftaninsa ya sha guga, amma baƙin da ke ƙarƙashin faratansa ya tona sana'arsa: mai faci ne, wataƙila daga unguwar Dilimi. Datti, haka matar da ta rako shi take kiransa.

Ga alama sholishon da yake liƙe taya da shi ne ya koma shaƙa, har abin ya kai shi gaban alƙali. Maimakon gidan yari, sai aka gindaya masa sharaɗi: zuwa asibiti, gwajin fitsari, kuma duk Litinin ya zo alƙali ya gan shi da idonsa. In ya kuskure, sai ɗauri.

Ga shi nan tafe daga wurin mai shayi, kofi cike fal, yana ratsa mutane yana rangaji, har ya iso wurin matar da ta rako shi.

"Yaya Tabawa, duba hannun nan! Ko ɗigo bai zuba ba! Da can rabi ne ke isa bakina."

"To, ka sha mana kafin ya huce."

"Ina! Sai oga alƙali ya gani. Wancan makon fa har lafiyar 'yata ya tambaya."

Masinjan kotu ya leƙo ya ƙwala kiran sunansa. Datti ya zabura, shayin ya wanke gaban kaftaninsa. Ya dubi tabon, ya tuntsire da dariya.

"Wannan ba rawar hannu ba ce, Yaya, ɗoki ne. Taso ki shaide ni!"