Makullan Marigayi da Motar da Ta Ƙi Hannuna

A lokacin da wannan abu ya same ni ina koyarwa a wata lakwal, wato makarantar boko, muna zaune a unguwar Talladje ni da mahaifiyata, ban daɗe da fita takaba ba. Ni ba mai kuka a gaban mutane ba ce, shi ya sa kowa ya ɗauka na dangana. Cikin abin da maigidana ya bari akwai wata tsohuwar mota da ta girmi ɗiyarmu ta fari, kuma da ita nake kai Inna wankin ƙoda. Duk wanda ya san wannan layi ya san in ka makara wani ake ɗorawa a gadonka. Ranar da Inna ta taɓa rasa nata, ƙafafunta suka kumbura, numfashi ya gagare ta, na ga abin da ba na fatan sake gani.

Sai motar ta ɓullo da wani hali. Yau ta tashi lafiya lau, gobe in murɗa makulli inji ya yi ta gurnani amma ya ƙi kamawa. Na kai ta wajen wani makanike kusa da kasuwar Katako, abokin marigayi. Ya ce alamar buji, wato filogin inji, ba sa samun wuta ne, ya sauya su. Da na koma ya sauya bobin, abin da ke tura wa buji wuta, ya goge kan batir. Abin haushin shi ne a garejinsa ba ta taɓa ƙin tashi ba. Ya yi ta tayar da ita a gabana, yana ce mini cikin ladabi motar nan ta fi shi lafiya. Maƙwabciyata kuwa ta ce ƙarfe ma ya san mai shi, in nemi taimako. Ba zan ɓoye ba, har hayaƙi na yi wa motar, duk da bokon da nake taƙama da shi.

Wata safiyar wanki, Inna na zaune a baya ta jingina kai, motar ta ƙi. Na murɗa, na sake murɗawa, rana na ɗagawa, ga ba taksi a lungunmu. Na fara lissafin yadda zan ga numfashinta ya sake sarƙewa. Ana cikin haka Inna ta tuna ta baro maganinta a ɗaki. Maƙwabciyar da ta fito tana tsaye kusa ta ce in ba ta makullin ɗakin ta ɗauko. Don kada in daina gwadawa, na zare na motar kaɗai daga zoben makullaina, har farcena ya karye, na miƙa mata sauran. Murɗawa ɗaya motar ta kama. Muka isa ana shirin kiran wani, na zauna a benci ina ta hamdala.

A bencin nan na yi ta juya abin a raina. Tun rasuwarsa na haɗa makullansa da nawa a zobe guda: na shagon katakonsa da aka riga aka sayar, na akwatinsa, na kwaɗuna da ban ma san inda suke ba. Tulin ya yi nauyin dutsen guga. Kuma duk sanda zan bar mota a gareji, kamar kowa, nakan zare nata in tafi gida da sauran. Washegari na kai wa makaniken tulin duka. Ya auna shi a tafin hannu, ya soka na motar da tulin a jiki, motar ta ƙi. Ya ce cikin kontak ɗin, wato inda ake soka makulli, ya cinye, nauyin ke jan makulli ƙasa, sai injin ya juya amma wuta ba ta kai bobin ba. Ya sauya shi kafin azahar, yana dariya yana cewa ya yi wata da watanni yana neman ɓarawon da ke cikin jakata.

Tun daga nan Inna ba ta sake makara ba, na gode Allah. Ina jan hankalin masu tsohuwar mota, musamman 'yan'uwana mata: in ta ƙi tashi a hannunki amma ta tashi a gareji, duba abin da kike yi wanda makanike ba ya gani, ki kai masa ita yadda kike tuƙa ta. Da yammar nan ina zare makullan marigayi ɗaya bayan ɗaya, Inna ta ce ta daɗe tana son ta ce in sauke su, ta rasa ta inda za ta fara. A ranar ne na yi kukan da ban yi ba tun takaba.