Malamar da Ta Raba Sandar Gida Biyu

Shekara talatin da ɗaya, kafin a kaɗa ƙararrawa malamar lissafi ta riga ta goge allo, ta ja layi biyu da doguwar rularta ta katako, ɗaya a tsaye, ɗaya a kwance. Malama Sifili ɗalibai ke ce mata, don in ka zana sandunan kwatanta adadi ba ka faro daga sifili ba, ranar ka shiga uku. A watan nan za ta ajiye alli, kuma bai kamata ta tafi shiru ba.

Kullum maganarta ɗaya ce: kafin ka zana, ka san me kake kwatantawa. In abu ɗaya ne, sanda ɗaya ta wadatar. In rukuni biyu ne, a jera sanduna biyu kafaɗa da kafaɗa.

Wata shekara shugaban makaranta ya nuna wa taron iyaye zanen zuwan ɗalibai, kowane wata da sandarsa guda, duk tsayinsu kusan ɗaya. Aka yi ta tafi. Malama dai hankalinta bai kwanta ba, don ta san kujerun da suka zama wayam a ajinta.

"Ranka ya daɗe, a ba ni alli," ta ce. "An cusa maza da mata a sanda ɗaya."

"Malama, mu ma yau darasin za a yi mana?" in ji shugaba. Aka kwashe da dariya.

Ta buɗe rajista ta sake zanen, farin alli na maza, ja na mata. Sandar maza tana hawa saboda sabbin shiga, ta mata kuwa wata huɗu ke nan tana gangarowa. Can wata uwa ta miƙe daga baya: "Wallahi tun da ƙofar banɗakin 'yan mata ta ɓalle 'yata take ƙin zuwa. Kunya ta hana su faɗa."

A cikin iyayen akwai kafinta, washegari ya zo da kayan aikinsa ya gyara ƙofar. Kafin ƙarshen zango 'yan mata goma sha tara sun dawo aji. Uwar da ta miƙe mahaifiyata ce, har yau in na tuna sai ƙwalla ta cika min ido.

Malama, ke ce kika gan mu a lokacin da jimla ta haɗiye mu. Mun gode, Allah ya ba ki hutu cikin lafiya. Ku kuma malamai masu tasowa, ku yi koyi da ita: in an ce muku adadi ya cika, ku tambaya waye ba ya ciki.