Ajiyar Tebong a Kan Maman Lawali

Maman Lawali mutumin Maraɗi ne, direban motar ruwa a Jidda, kuma Allah ya ba shi kai. Abin da kunnensa ya ji sau uku, ya zauna ke nan. A 1978 aka sa shi kai ruwa sansanin 'yan Koriya masu gina gada bayan unguwar Ruwais. A nan ya san Tebong, wani siririn mai walda wanda bakinsa ba ya shiru.

Waƙoƙi Tebong ke tsarawa a kan zafin rana, da abokansa da suka faɗo daga saman ƙarfe, da manyan kamfani masu zama a inuwa. Leburori suka ɗauka suna rerawa, har suka ƙi fita aikin tsakar rana. Kamfani ya ƙone takardun waƙoƙinsa, ya sa ranar mayar da shi gida, inda kurkuku ke jiransa.

Tebong ya tari Maman Lawali a gindin mota da guntun Larabcinsa.

"Sadik, abokina, sun ƙone komai. Can kurkuku kuma duka zai fitar da sauran daga kaina."

"To zuba a nawa," in ji Maman Lawali. "Yalla, fara. Wa zai binciki kan direba?"

Kafin a tafi da Tebong, Maman Lawali ya haddace waƙoƙin tas, bai san ma'anar ko kalma ɗaya ba. Don tsoron mantuwa kullum yana bita a mota, daga unguwar Hindawiyya zuwa Bagdadiyya. Matarsa Uwani ta kai shi wajen mai ruƙiyya, wai aljanu sun shige shi. Abokan shan shayi suka laƙaba masa Bakoriye. Ya yi furfura, ya bar tuƙi, bai fasa ba. Wani lokaci yakan ji haushin kansa, yana dakon kayan mutumin da wataƙila ƙasa ta rufe.

Ashe mai rabon ganin baɗi sai ya gani. Tebong ya fito daga kurkuku, ya ci gaba da faɗa da azzalumai, har sunansa ya cika ƙasarsu. Waƙoƙin Jidda ne kawai suka ɓace masa, ko baiti bai iya tunawa. A 2004 ya dawo tare da 'yarsa mai jin Larabci, suna bin masu shayi suna cigiyar direban ruwa, har aka nuna musu gidan Bakoriye.

Maman Lawali ya gyara zama, ya fara jero Koriyanci da karin harshen Maraɗi. Tebong ya yi dariya tukuna, sannan leɓɓansa suka fara bi, hawaye na zuba. Uwani tana bakin ƙofa ta riƙe haɓa.

"Halas, shi ke nan, ka karɓi kayanka," in ji Maman Lawali, farin ciki ya cika shi. "Yanzu a gaya mini, me nake ta faɗa shekara da shekaru?"

'Yar ta fassara waƙoƙin ɗaya bayan ɗaya. Da ta zo ta ƙarshe sai ta dube shi.

"Baba, wannan a kan wani direba ce, mai kawo musu ruwa da azahar."