Awa ɗaya a gonar da aka girbe

Iyaye mata, ku daina auna wasan ƙwallon yaranku da agogo kaɗai. Ni na yi haka, kuma na yi nadama.

Ɗana Ishaya na kwance a gona, leɓɓansa sun bushe, ƙafafunsa sun ƙage, ni kuwa ina tsaye a kansa ina faɗa: "Tashi, rago! Awa ɗayar da ka saba ce ta kayar da kai?"

Muna Dabai lokacin, shekararsa goma sha ɗaya. Duk damina a ɗan fili bayan coci shi da abokansa suke atisaye, huɗu-huɗu, don ko'ina shuka ce. Da aka girbe dawa, sai mai koyar da su ya mayar da su gona, ya ajiye duwatsun gola ɗaya a wannan ƙarshe, ɗaya a wancan.

Ranar da ya faɗi a gonar nan, Baba Saje, tsohon soja maƙwabcinmu, ya tallafi kan yaron yana ba shi ruwa.

"Maman Ishaya, taka daga dutsen nan zuwa wancan."

Na taka. Kafin in kai, ina haki.

"Sau ɗaya ke nan, kuma tafiya kika yi. Shi da gudu ya yi ta zirga-zirga, su takwas kacal. Ko a bariki ba ma yi wa ƙarti haka."

Kwana biyu yaron bai iya taka ƙafa ba, ni kuma ban iya kallon idonsa ba.

Ku faɗa mini, wace ce a cikinku ta taɓa zuwa ta ga inda ɗanta ke wasa?

A gidana dai doka ce: filin da ban taka da ƙafata na ƙirga 'yan wasansa ba, ɗana ba ya shiga.