Tsibirin da Babu Itace

Shekarar da aka gama yaƙin Kuwait ce, don salatif ɗin da muka manna a tagogi saboda tsoron iskar guba bai gama ɓarewa ba. Da sanyi ya shigo, abokina direban tasi ya zo da labarin wani masunci a gaɓar teku, can gaba da Badar, wanda zai kai mu wani tsibiri a jirginsa, ya dawo ya ɗauke mu jibi. Mu uku ne: ni, da shi, da ƙanena.

Haɗa kaya aikina ne tun muna samari. Duk fitar da muke yi daji bayan Kuba, a nan Madina, ni nake loda mota. A lokacin ban iya rubutu ba, a ka nake riƙe komai: jarkokin ruwa, shinkafa, rabin rago, gishiri, ganyen shayi, darduma, tanti, ashana. Ban taɓa mantuwa ba, ina kuma taƙama da hakan.

Abokina ya kawo ƙaramar tukunyar gas ya ɗora. Na sauke ta.

"Mutumina, bar ta mana," in ji shi.

"Wa yake cin naman gas a daji? Itace ko'ina Allah ya zuba shi."

"Ka taɓa zuwa tsibiri?"

"Ƙasa ce ko ba ƙasa ba?"

Ya yi dariya ya ƙyale ni. A gurbinta na cusa matasai biyu na jingina.

Inna ta fito mana da dambun nama a akushinta. Baƙin akushi ne, mahaifiyarta ta ɗauko shi a ka daga ƙasar Kano, ta ratso Chadi da Sudan da shi. Inna ba ta cin tuwo sai a ciki, wai a faranti saurin hucewa yake. Na sa shi cikin akwatin katakon da muke zuba kayan girki.

"Ka dawo min da shi," ta ce, "ko kai ba ka dawo ba."

Ƙanena, mai jin Hausa ya amsa da Larabci, ya ce, "Abshiri, ya Inna," wato ta kwantar da hankalinta.

Sai da jirgin ya juya ya bar mu na ɗaga kai na duba wurin. Yashi ne da ɓawon kifi, sai wata ciyawa mai gishiri da ko ta ga wuta ba ta kamawa. Na zagaye tsibirin kaf. Ko guntun katakon da teku yake jefowa babu, masunta sun riga mu tsincewa.

Abokina ya ce, "To malam, ƙasa ce dai."

Nama ba zai jira ba. Muka fasa akwatin muka dafa naman da shinkafa, muciya ta bi baya. Har muna raha.

Washegari da safe iska ta taso, mai sanyi. Ƙanena ya shiga ruwa ciro ƙugiyarsa da ta maƙale, santsi ya kwashe shi. Ya fito yana karkarwa, leɓunansa sun yi baƙi, kayan canjinsa kuma raɓa ta jiƙa su. Muka naɗe shi a darduma, bai daina ba. Na kunna matasan nan, soson ya narke, hayaƙi kawai. Turakun tanti na ƙarfe ne.

"Yaya, sanyi," ya ce, da Hausa.

Abokina ya dubi akushin, ya kawar da kai.

Da dutse na fasa shi. Sai da na buga sosai, don itacen ya yi tauri. Ya ci wuta a hankali, yana ƙanshin man shanu da miyar shekaru, kamar muna tsakar gida. A kansa muka dafa shayi, muka busar da rigar ƙanena. Kafin azahar karkarwar ta tsaya.

Da muka dawo Madina na durƙusa gaban Inna na faɗa mata duka, har da tukunyar gas.

"Yaron ya warke?"

"Ya warke, Inna."

"Alhamdulillahi. Ai itace ne."

Da ta yi faɗa da na fi samun sauƙi. Daga ranar a farantin silba take ci, kullum kuma sai na ga rabin tuwon ya dawo a sandare. Lokacin aikin hajji na roƙi wani ɗalibi, aka taho min da sabon akushi daga gida. Ta sa min albarka, ta mai da shi wurin ajiye zare da allura, har ta rasu.

Abin da tafiyar ta ci: akwati ɗaya, muciya ɗaya, matasai biyu, da akushin Inna.