Ƙugiyar Mushe Tankari

Duk wanda ya san Mushe Tankari ya san jan bik ɗin nan, alƙalamin da ke soke a gefen hularsa. Ba na sa hannu ba ne, na ƙugiya ne. In ya ga rubutun Hausa a bango, ko a ƙofar shago, ko a bayan kamiyo, babbar motar kaya, sai ya tsaya ya ƙura masa ido. In akwai baƙin da aka bari babu ƙugiyarsa, ya zaro bik ya lanƙwasa masa kai. Ba ya neman izinin mai abu. Cewa yake baƙin da aka hana wa ƙugiya daidai yake da dattijon da ya fito kasuwa ba wando.

Ni Arzika tobashinsa ne, uwata da ubansa ciki ɗaya. Ban yi lekol ba, wato makarantar boko. Na yi haƙar rijiya, na yi dako a Kwatano, rami ya rufta da ni a wurin zinari na fito da ƙafa guda da rabi. Da na dawo Dogon Dutsi shi ya sa aka ɗauke ni gadin magaza, wato siton ƙungiyarmu ta masu noman dankalin turawa, aka yanka mini ɗan fili a bakin tabki. Shi kuwa ya daɗe yana koyar da karatun manya, abin da ya sa ake ce masa Mushe irin na Faransanci, wato malam, da ya aje aka ba shi riƙon lissafin ƙungiya, ya zama kwantabul ɗinmu. Ya taɓa zaunar da ni zai koya mini karatu. Ya zana baƙi ɗaya a ƙasa, tsaye kamar sanda mai hannu da ƙafa, ya ce wannan ka ne. Ya lanƙwasa masa kai ya ce yanzu ya zama ƙa. Ya so ya ci gaba, na ce ya isa. Karatuna ke nan duka har yau.

Kun tuna Hajo mai tuwo ta bakin tasha. Ta biya mai fenti ya rubuta mata allo, ta kafa a gaban rumfarta. Muna wucewa Tankari ya ja ya tsaya.

"Hajo, mi kike saidawa?"

"Tuwo da romon ƙashi, Mushe. Ga shi nan a rubuce."

"Ke kin ce ƙashi. Allonki kashi ya ce. Wanda ake shiga bayan gari a yi."

Hajo ta aje ludayi. Ta dubi allo, ta dube shi.

"Shi ya sa malaman lekol ke zuwa suna cewa in zuba musu mai ɗumi?"

"Shi ya sa."

Ya zaro bik ya gyara. Daga ranar Hajo ba ta sake karɓar kuɗin romonsa ba, shi ma bai taɓa matsa mata ta karɓa ba.

Don wajen riƙon abu babu na biyunsa. Bik ɗin nan ya girmi autana. In ya ƙi rubutu sai ya murza shi a tafin hannu, ya hura masa iska, ya lallashe shi. Salularsa kuwa ba ta san kira ba, sai bip, a buga a katse kafin a ɗauka. Ranar da akuyarsa ta faɗa rijiya ya tuna da ni tsohon mai haƙa, ya yi mini bip. Ni ma babu kiredi, na mayar masa da bip. Ya sake, na sake. Da na gaji na taka da ƙafata, na tarar ana fiɗa.

"Da ka kira da ta rayu," in ji shi.

"Akuyar wa?"

"Ni ne babba. Ƙarami ka kiran babba."

Ya ba ni kai da ƙafafu. Na ɗauka na tafi gida.

To, ga maganar da ta sa na fara wannan duka. Ƙungiyarmu shi ya raɗa mata suna, Neman Ƙaruwa. Suna mai kyau, kowa ya yi na'am. Daga baya wasu masu taimako suka ba mu odinatar, wato kwamfuta, da abin lissafi a ciki, mutuminsu ya zo ya zuba lissafinmu a wuri ɗaya da suke kira fishiye, ya buga sunan ƙungiya a kai. Injin na Faransanci ne, babu ƙugiya a cikinsa. Da Tankari ya karanta abin da ya fito a gilashi sai ya tashi ya fita waje. Na bi shi.

"Tobashi, lahiya?"

"Neman Karuwa," in ji shi a hankali. "Ga abin da anka rubuta. Ƙungiya mai alhazai da matan aure."

Na yi dariya har ƙafar da ta karye ta motsa. Shi bai yi ba. Shekaru ya yi yana buɗe fishiyen nan da babban yatsansa a kan gilashi, yana rufe wurin. Kullum in ya tashi aiki ya lulluɓe injin da tsohon zanen matarsa. Ni na ɗauka don ƙura ne. Ya ce don kunya ne.

Ana nan sai ɗiyar ƙanwarsa, Salamatu, wadda ke aikin buro, wato ofis, a Doso, ta zo hutun Salla. Ta ji kukansa, ta zauna ta sa masa baƙaƙen Hausa a cikin injin, ta nuna masa inda zai danna ƙa ta fito. Ranar Tankari ya saya mini shayi. Da kuɗinsa. Na riƙe kofin ina dubansa, na ce ko dai ciwo ne. Tana komawa Doso ya zauna ya lanƙwasa wa sunan fishiye kai, ya rufe inji, ya tafi gida yana gaida har waɗanda ba ya shiri da su.

Lokacin nan damina ta ja baya, ana shirin noman sanyi. Irin dankali daga waje yake zuwa, sau ɗaya a shekara, ta hannun babbar ƙungiya. Kafin a sa ku cikin masu samu, sai mutuminsu ya zo ya ga lissafin shekara an buga shi daga inji. Wanda bai nuna ba a tsallake shi, sai baɗi. Ni filin nan na bakin tabki shi ke riƙe gidana daga sanyi har bazara. Haka ma mutane da yawa.

Aka aiko cewa mutumin zai zo ran kasuwa. Tankari ya yaye zane, ya kunna inji, ya danna fishiye. Sai wani ɗan akwati ya fito da jan alama, ya yi ƙara, tung. Ya sake dannawa. Tung.

Ya kashe ya kunna. Ya kifa injin ya hura masa iska kamar yadda yake wa bik. Ya ce kuran ne, wato lantarki, ba shi da ƙarfi, muka ɗauka zuwa gidan Alhaji Gado, shugabanmu, mai wutar hasken rana. Tung. Ya tuna yana da wani ajiye a cikin kile, ɗan ƙarfen nan da yake ratayawa a wuya kamar laya. Ya soka. Shi ma tung, don shi ma ya bi ya gyara masa suna. Wannan daga baya muka sani.

Magana ta fita, mutane suka cika magaza. Inna Dela, tsohuwar da ta fito daga wajen Lugu, ta leƙa gilashin ta ce abin a fili yake, doguwa ce ta shiga, a samo baƙar kaza. Sanusi mai shagon yadi, wanda ba ya jin irin wannan ya yi shiru, ya ce, "Inna, ki ji tsoron Allah, wiris ne." Inna ta tambaya mi ne ne wiris. Ya ce wani abu ne da ba a gani, yana shiga inji ya hana shi aiki.

"To ɗan nan, mi na ce?" in ji Inna.

Aka kira mai siber na bakin kasuwa, mai shagon odinatar. Ya danna nan ya danna can, ya tambaya ko an taɓa wani abu.

"Ba a taɓa komi ba," in ji Tankari.

"To sai dai a wanke injin gaba ɗaya."

"Lissahin hwa?"

"Shi ma ya tahi."

"Kai in ɗanka ya ƙi buɗe baki, yanka shi kake?"

Mai siber ya ɗauki babur ɗinsa.

Ran kasuwa da safe har yanzu tung. Alhaji Gado ya zo da babbar riga, Inna Dela da sauran mata suna zaune a kan buhuna. Tankari ya zaro salula zai yi wa Salamatu bip. Na karɓe, na miƙa masa tawa. Na sa kiredi tun jiya, don na tuna akuya. Aka buɗe murya kowa na ji.

Ta sa ya karanta mata abin da akwatin ya ce da Faransanci. Sai ta tambaye shi.

"Kawu, mi ka taɓa?"

"Ban taɓa komi ba."

"Kawu."

"Gyara na yi. Gyara ba taɓi ba ne."

"Ka sa ma sunan ƙugiya."

"Ke kika ba ni ita."

"Don wasiƙa na ba ka, Kawu. Abin lissahin nan tsoho ne, bai san ƙugiya ba. In ya gan ta sai ya ce babu fishiyen. Lissahinka na nan lahiya lau. Cire ta kawai, ya buɗe."

"In cire."

"I."

"Kin san abin da zai zama in na cire?"

Ta san. Muna jin tana danne dariya daga Doso. Alhaji bai gane ba, ya tambaya. Sai ni na faɗa masa, don ni ba na zagaye. Alhaji ya gyara hula. Mata suka rufe baki da gyale. Inna Dela ta ce ashe shekarun nan abin da muke nema ke nan, ba a gaya mata ba ta tsufa a banza.

Alhaji ya ce to a sa masa wani suna mana, a kira shi Dankali. Salamatu ta ce ba zai yiwu ba yau, sauran takardun da ke ciki sunan farko suka sani, shi suke nema.

Tankari ya naɗe hannu.

"Ba ni cirewa. Da hannuna ba ni rubuta wanga suna."

Alhaji ya roƙe shi. Sanusi ya ce lalura ce, babu zunubi. Ya ƙi. Rana tana hawa, wani ya leƙo ya ce motar Doso mai ɗauke da mutumin babbar ƙungiya ta shigo tasha. Ni ban iya roƙo ba. Na matso na tsaya a gabansa.

"Tobashi. Shekarar yunwa tare munka ci dusa da ganye, ka tuna."

"Na tuna."

"Ɗiyana ba su cin ƙugiya."

Ya dube ni. Sannan ya ce mata su fita. Suka fita suna ƙyaƙyata dariya. Ya ce Alhaji ya juya baya. Ni ya bar ni, ya ce ai ban iya karatu ba. Ya rufe ido ɗaya, ya yi istigfari, ya danna. Ya sake danna fishiye. Babu tung. Layuka suka zubo a gilashi reras kamar kunyoyin gona.

"Jahili," ya ce wa injin.

Aka buga takardu. A saman kowace ga sunan nan tsirara. Ya zauna ya murza bik, ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana lanƙwasa kai da ja, mutumin babbar ƙungiya yana tsaye a ƙofa yana jira. Bai miƙa ba sai da ya gama. Mutumin ya duba lissafi ya ce daidai, ya sa mu cikin masu iri. Yana haɗa jakarsa ya nuna jan nan da yatsa.

"Wa ya yi wanga?"

"Ni."

"Kash, Mushe. Duk shekara takardunku muke jira a buro. Ka ɓata muna dariya."

Tankari bai ci tuwo ba ranar. Washegari ya aro alƙalamin da ake rubuta suna a buhu, ya je daidai inda sunan ke fitowa a gilashin injin, ya zana ƙugiya a kan gilashin kansa. In fishiye ya hau, sai ta zauna a kan ka cif. In an buɗe wani abu daban, sai ta faɗa kan duk abin da ta samu, wata rana kan lamba, wata rana kan hancin wani a hoto. Bai damu ba. Ya daina sa yatsa. Dankalin shekarar ya yi kyau, nawa har na kai masa kwando. Ya ce ƙanana ne, ya karɓa.

Bara da damina ya kwanta, bai daɗe ba ya cika. Matarsa ta aiko mini da bik ɗin a naɗe cikin tsumma, ta ce shi ya ce a ba ni. Na ce in yi mi da shi.

Ranar addu'a Salamatu ta rubuta takarda da hannu za a manna a ƙofar magaza. Ta kira ni, idonta ja. Ta karanta mini, Allah ya jiƙan Mushe Tankari. Sannan ta sa yatsa a kan wani baƙi. Na gane shi, sanda mai hannu da ƙafa, kansa a miƙe.

"Kawu Arzika, wagga na bar maka."

Na murza bik, na hura. Hannun da ya saba da diga bai san abu ƙarami ba, ƙugiyar ta fito a karkace. Da yana nan da ya ce in sake. Ita ce rubutuna na farko, ina jin ita ce ta ƙarshe.

Injin yana nan, ƙugiyarsa na kan gilashi, sabon kwantabul ya san ba a gogewa. Ni kuma ina bakin tabki, ina cin dankali, ba ni da kuka.

Allah ya jiƙan tobashina, ya yafe masa, har da akuyar. Ran da za a miƙa wa kowa littafinsa, Allah ya ba shi nasa a hannun dama, ya buɗe masa ba gardama, ya tarar da kowace ƙugiya a wurinta. Amin.